Ɗan Da Na Haifa Ban Gani Ba

Damina ta yi nisa, a shekarar da aka karɓi mulkin kai, aka kai ni gidanmu goyon ciki. Cikin fari ne, kuma a wurinmu idan cikin fari ya tsufa mace takan koma gaban uwarta ta haihu. Aurena yana Bagudo. Maigidana manomi ne, da rani kuma yana fataucin bandar kifi. Gidanmu kuwa yana hayin kogin Kwara, wani ɗan ƙauye dab da iyakar Dahome, ƙasar da yanzu ake ce wa Binin. Gonar da mahaifina ya rasu ya bari ma, rabinta a can Dahome take, rabinta a nan, ba wanda ya taɓa tambayarmu dalili. Mahaifiyata Inna ce kaɗai a gidan, sai 'yan uwa a maƙwabta.

A lokacin idona lafiya lau. Sana'ata ɗinkin faifai, irin mai launi. Nakan rina kaba da ja da baƙi da rawaya, in fitar da zane a tsakiya, mata su riƙa zuwa suna zaɓa don jeren amare. Ko da magariba ta gabato ina iya sa zare a allura ba tare da na fita tsakar gida ba.

Tun kafin in bar Bagudo ƙafafuna sun fara kumbura. Da na zo gida sai abin ya haura zuwa hannu, har awarwaron da ke wuyan hannuna ya matse, sai da aka shafa sabulu aka zare shi. Fuskata ta cika. Matan da ke shigowa gaishe da Inna suka riƙa yi mini tsiya, wata ta ce namiji ne, wata ta ce tagwaye, wata ta ce hutun gida ne ya karɓe ni. Nakan sunkuyar da kai, don mai cikin fari ba ta tanka irin wannan magana. Ciwon kai kuma ya zo, irin wanda ke kama ƙeya ya ƙi saki. Na faɗa wa Inna sau ɗaya, ta ɗaure mini kai da tsumma, ta jiƙa mini sassaƙe. Daga nan ban sake faɗi ba, don kada a ce na cika raki. Wani lokaci in ina zaune sai in ga wani abu kamar tartsatsin wutar maƙera yana tashi ta gefen idona. In na rufe ido na buɗe sai ya wuce. Ban san cewa wannan ma abin faɗi ba ne. Babu wadda ta sani a cikinmu.

Ranar da abin ya faru, hantsi ne. Ina zaune a ƙofar ɗaki da faifai a cinya ina tsince tsakuwa daga shinkafa. Sai na ga shinkafar ta fara narkewa, ƙwayoyin suna haɗewa kamar kunu. Na murza ido. Da na ɗaga kai na dubi rumbun da ke gabana, sai na ga samansa babu, kamar an saki asabari daga sama ya rufe rabinsa. Asabarin ya ci gaba da sauka a hankali. Na ajiye faifan, na tashi in shiga ɗaki, na yi karo da turmi.

Inna tana bakin murhu. Ta ji faɗuwar taɓarya ta ce, "Ɗiyata, mi ya same ki?"

Na ce, "Inna, ba ni gani."

Na ji ta ajiye ludayi, na ji takunta, sannan na ji iskar hannunta tana kaɗawa a gaban fuskata. Ta tambaye ni ko na ga wani abu. Na ce ina ganin haske ta ƙasa kaɗan, kamar mutum yana cikin ruwa mai laka. Kafin azahar wannan ma ya ragu, sai dai in san inda rana take.

Inna ta ce dundumi ne, yakan kama masu ciki, kuma maganinsa hanta. Aka nemo hantar akuya aka gasa, na ci, aka kara mini tururinta a ido. Amma ita kanta ta san dundumi da faɗuwar rana yake zuwa ya tafi da wayewar gari. Aka karɓo rubutu daga wajen liman, na sha, aka wanke mini fuska da saura. Wata tsohuwa ta kawo tozali na musamman. A ƙauyukanmu na bakin kogi akwai makafi da yawa, yawancinsu dattawa, waɗanda makanta ke cinsu a hankali bayan shekaru na ƙaiƙayin jiki. Tun ina ƙarama nake ganinsu zaune a gindin tsamiya suna tufka igiya. Da su na riƙa tunani. Sai dai su sun sami lokacin yin ban kwana da idonsu, ni kuwa tsakanin hantsi da azahar aka gama da ni.

Aka aika wa maigida. Ya zo da lakar gona a ƙafarsa, in ji Inna. Ya tsaya daga bakin ƙofa saboda kunyar suruka, ya gaishe ni, na amsa. A zaure aka yi shawara da kawuna, ƙanin Inna. Kawu ya ce a bi da ni ta Dahome, akwai likitan Faransawa a wani gari, kuma ba sai an ƙetare ruwa ba. Amma an ce tun da su ma suka karɓi ƙasarsu a wannan daminar Turawan sun fara tattara kaya, ba wanda ya tabbatar ko likitan yana nan, ga shi maigida ba ya jin Dandanci, yaren mutanen can, balle Faransanci. Wani kuma ya kawo zancen wani mutum mai yawo kasuwa-kasuwa yana cire yanar ido da tsinke. Maigida ya ce a'a, ya duba idona, baƙinsa baƙi ne wuluk, babu yanar da za a cire. A ƙarshe ya ce zai koma da ni Bagudo, akwai ɗan asibiti, daga can kuma a sami mota zuwa Birni, inda babban asibiti yake.

Har yau nakan yi tunanin waccan hanya ta Dahome da ba a bi ba. Wataƙila da mun tarar da ƙofa a rufe. Wataƙila kuma da ba haka ba. Ba wanda zan ɗora wa laifi, kowa ya faɗi abin da ya ga ya fi.

A kan jaki aka kai ni bakin Kwara, Inna tana riƙe da ni ta gefe. Ruwa ya cika ya haye fadama. Ban gan shi ba, amma na ji faɗinsa a kunnena, don muryar masu jirgi daga nesa take zuwa kamar ta tsuntsaye. Aka ɗauke ni aka zaunar a tsakiyar jirgi. Duk lokacin da ya karkata sai in riƙe cikina da hannu ɗaya, in riƙe zanen Inna da ɗayan. Yaron yana ta motsi. Wannan ne ya riƙe mini hankali har muka ƙetare.

Malamin asibitin Bagudo mutum ne mai sanyin murya. Ya haska mini tocila a ido, na ji ɗuminta amma ban ga kome ba sai ja-ja. Ya danna ƙafata da yatsa, ya ce wa maigida ya dubi yadda ramin ya zauna bai tashi ba. Ya sa aka kawo fitsarina ya ɗora a wuta cikin 'yar kwalba, maigida ya ce mini daga baya ya yi gudaji fari kamar dafaffen ƙwai. Malamin bai ɓoye mana ba. Ya ce ciwon ba a kan idon yake ba, a bayansa yake, kuma cikin ne ya tayar da jini har ya taɓa wurin. Ya ce wannan ya fi ƙarfin abin da ke cikin kabad ɗinsa, sai babban asibiti. Ya ba ni wani ruwan magani mai sa barci, ya ce in kwanta a ɗaki mai duhu ba hayaniya, a raba ni da gishiri da kanwa, kuma da zarar mota ta samu a tafi.

Motar ce ba ta samu ba. Babbar mota ɗaya ce ke zuwa ranar kasuwa, ita ma ruwa ya cinye hanya a wani wuri, ga shi an ce an ɗauke ta ɗaukar mutane zuwa bikin mulkin kai. Muka zauna jira a gidan maigida, a ɗakin uwarsa, ni da Inna. Ranar bikin ina kwance na ji kiɗa daga wajen kasuwa, na ji 'yan makaranta sun wuce ta bayan danga suna waƙa. Matan gida suka dawo suna ba da labarin sabuwar tuta, suka ce kore da fari ce. Na yi ta ƙoƙarin in zana ta a zuciyata yadda zan zana ta a faifai, kaina yana sarawa.

Ba a daɗe da wannan ba jijjiga ta kama ni. Ban san komai a kanta ba sai abin da aka faɗa mini: na taune harshe, jikina ya sandare, aka danne ni. Da na farfaɗo naƙuda ta riga ta fara, alhali da sauran fiye da wata. Ungozoma ta zo. Da rana tsaka na haihu. Na ji shiru, sannan na ji wani ɗan kuka siriri kamar na ɗan akuya. Ungozoma ta ce namiji ne, ƙarami ƙwarai, amma da ransa.

Aka naɗe shi cikin auduga da tsummoki. Bai iya kama nono da farko ba, sai Inna ta riƙa tatsa tana ɗiga masa a baki. Daga baya ya koya. Ranar suna aka yanka rago ba taro, aka raɗa masa suna, wanda ban taɓa furtawa da bakina ba har yau, don ɗan fari ne.

Wanda bai tashi a wurinmu ba, zai yi wuya ya gane wannan. Uwa ba ta nuna son ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa, ba ta ƙura masa ido a gaban mutane, balle a gaban surukai. In an miƙo shi ta ba shi nono tana kallon wani wuri, in ya ƙoshi a karɓe. Ni kuwa ga ni a ɗakin uwar mijina, ɗakin mai jego kuma ba ya rabuwa da mata. Har yaba mini suka riƙa yi, wai yarinyar nan akwai kunya, ko juyowa ba ta yi. Wata ta ce ai ko ta juyo me za ta gani, aka yi mata tsawa.

Abin da na sani game da shi a ƙarƙashin zane na san shi. In an ba ni shi sai in rufe mu da mayafi, in bi shi da yatsa a hankali. Kansa bai fi ƙaramin ludayi ba, da gashi mai laushi kwance. Kunnensa kamar ganye, in na naɗe shi sai ya daɗe bai buɗe ba. Yana da wata ɗabi'a, in yana shan nono sai ya tokare ni da ƙafa ɗaya. Warinsa kuma na man shanu ne da hayaƙin itacen wanka. Amma yatsa ba ya ba ka fuska. Na gwada, na bi goshi da hanci da leɓe, na kasa haɗa su su zama mutum.

Bayan haihuwa kumburin ya fara saɓewa, ciwon kai ya lafa. Inna ta tsaya a kan maganar malamin asibiti, ta hana a ba ni kunun kanwa, duk da surutun da aka yi ta yi cewa ba a taɓa jego babu shi ba. Zancen tafiya Birni kuma ya mutu, don ba a ɗaukar jinjiri irin wannan a bayan babbar mota. Sai wata safiya na farka na ga ƙofar ɗaki. Ba sosai ba, wani fari ne mai kusurwa huɗu a cikin duhu, amma ƙofa ce. Na yi shiru da bakina don kada in faɗa ta gudu. Bayan 'yan kwanaki na fara rarrabe mai jan zane da mai baƙi. Idon hagu ne ke dawowa. Na faɗa wa Inna a kunne, ta yi hamdala, ta ce kada in gaya wa kowa tukuna saboda baki.

Wata rana da hantsi aka yi sa'a ɗakin ya zama ba kowa, mata sun fita sussuka. Yana hannuna. Na ɗaga shi na kawo shi dab da idon hagu, har numfashinsa yana taɓa kumatuna. Na ga wani abu mai duhu, zagayayye, cikin farin tsumma, yana rawa kamar abin da ke ƙarƙashin ruwa. Da na matsa bakin ƙofa inda haske yake, wataƙila da na ga fiye da haka. Amma bakin ƙofa tsakar gida yake kallo, uwar mijina tana can. Na ce a raina ba gaggawa, kullum idon ƙaruwa yake, bari ya washe in gan shi da kyau ranar da muka koma gidanmu, inda ba mai sa mini ido. Na mayar da shi ƙarƙashin zane.

Ba mu kai arba'in ba. Sanyin ƙarshen damina ya shige shi, ya fara numfashi da ƙyar, ya saki nono. Maigida ya kira malamin asibiti, ya zo har gida ya yi masa allura, ya ce sai addu'a. Washegari bayan azahar, yana hannun Inna, na ji ta daina jijjiga shi. Ta yi salati a hankali. Ban tambaya ba.

Aka yi masa wanka a bayan ɗaki. Mata suka cika ɗakin, kowa na ba ni haƙuri. Ana jiran maza su shigo su ɗauka, sai Inna ta zo ta durƙusa kusa da ni, ta yi magana ƙasa-ƙasa yadda ba mai ji.

Ta ce, "Ba a rufe fuskar ba tukuna. Taho bakin ƙofa, akwai rana. In riƙe miki shi ki duba."

Na ce, "Inna, mutane."

Ta ce, "Bar mutane. Ni na haife ki, ni na ce ki taho."

Ina jin numfashin matan da ke kewaye da ni. Kunya tana ciki, ba zan ce babu ba. Amma akwai wani abu kuma: ban so ganina na farko da shi ya zama wannan ba. Na ji kamar in na gan shi a haka, haka zai zauna mini har abada. Na girgiza kai. Inna ta ɗan jira, sannan ta tashi. Na ji an shigo, na ji an fita.

Ban san cewa rashin ganin ma zama yake yi ba.

Kafin a gama girbin dawa idon hagu ya washe har ina gane fuskar mutum daga ƙofar gida. Na dama bai dawo daidai ba. Har yau in na rufe na hagu, tsakiyar abin da nake kallo toka-toka ne, kuma miƙaƙƙen abu yakan lanƙwashe. Na koma ɗinkin faifai amma zanen ya daina fita daidai, sai na koma saƙar tabarma. Da na sake samun ciki, maigida bai jira komai ba, tun cikin yana ƙarami ya kai ni Birni wajen wata gwaggonsa kusa da asibiti. A can wata ma'aikaciya ta bayyana mini cewa akwai wani tantani a bayan ido wanda shi ke karɓar gani, hawan jinin ciki yakan tara ruwa a ƙarƙashinsa ya ɗaga shi, in an haihu ruwan ya janye tantanin yakan koma ya kwanta, wani lokaci duka, wani lokaci da saura. Ta ce kumburin nan da ciwon kai da tartsatsin duk gargaɗi ne. Na haifi 'ya'ya bayan haka, sun rayu, sun girma, na ga fuskar kowannensu.

Na tambayi Inna kamannin na farin sau ɗaya, muna tsinkar zogale. Ta ce mahaifina ne sak, har goshin. Amma Inna duk jaririn da ta so takan ce mahaifina ne. Na so in ce ta faɗa mini dalla-dalla, idon yaya, bakin yaya, fari ne ko baƙi, sai na ga idonta ya kawo ruwa, na bari sai wani lokaci. Ta rasu ban sake tayar da zancen ba. Uwar mijina kuwa ba wadda zan iya tambaya ba ce.

Maigida ne ya rage. Shekaru suka wuce ba mu taɓa yin maganar ba, har muka aurar da 'ya'ya, ƙafa ta hana shi zuwa fatauci. Wata rana da la'asar muna zaune a inuwar rumbu, yana gyaran igiyar guga, na ce masa, "Malam, yaron nan na fari, da wa ya yi kama?"

Ya ajiye igiyar. Sannan ya ce ranar suna an miƙo masa shi a zaure, gaban nasa mahaifin da baffanninsa, sai ya kawar da kai kamar yadda ake yi. Ranar rasuwa kuma a naɗe aka ba shi. Ya ce shi ya ɗauke shi har maƙabarta, bai fi nauyin ɗan kwando ba.

Ya ce, "Ni da ke da ido, ban dube shi ba. Na ɗauka ke kin san shi."

Na ce na san kunnensa, na san ƙafarsa. Ya ce in faɗa masa. Na faɗa masa yadda kunnen ke naɗewa, da yadda yake tokare ni in yana shan nono, da gashin kansa. Ya saurara har na gama, bai katse ni ba. Aka kira sallah, ya jawo buta, ya daɗe yana riƙe da ita kafin ya fara alwala.